Kundayen Tambutu Sun Koma Gida Don Gudun Fumfuna

A cikin watan Agusta na 2025 Gwamnatin Mali ta fara mayar da tsofaffin littattafan nan na Tambutu garinsu, bayan sun yi wajen shekara 13 suna zaman baƙunci a Bamako. A jirgin sama aka ɗauki kason farko, akwati fiye da 200, nauyinsu ya ɗara tan 5. Wanda ya ji labarin a gurguje zai zaci ko lafiya ce ta samu a arewacin Mali, har aka ga lokaci ya yi da za a mai da amana ga masu ita. To, ba haka ba ne. Ko a 2023 sai da mayaƙa suka tsare hanyoyin shiga Tambutu har abinci ya yi wuya, kuma a shekarar nan ce sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya suka tattara nasu ya nasu suka bar ƙasar. Dalilin da mahukunta suka bayar na mayar da littattafan shi ne laimar Bamako. Watau an ɗora haɗarin bindiga da haɗarin iska a kan ma'auni, aka ga na iska ba abin rainawa ba ne.

Wannan magana ta isa a tsaya a dube ta da kyau, gama ba mutanen Mali kaɗai ta shafa ba. Duk inda aka tara takardu a ɗaki aka rufe, ko laburaren jami'a ne, ko ma'ajiyar takardun Gwamnati, ko adakar malam a ƙuryar soro, akwai wani abu da ke shawagi cikin iskar ɗakin yana jiran ranarsa.

Gudun Gara

Masu karatu za su tuna yadda littattafan suka bar gida. A watan Afrilu na 2012 mayaƙa suka kama Tambutu. Masu littattafai suka tsorata, suka shiga ɗura su cikin adakoki na ƙarfe suna fitarwa a ɓoye, waɗansu a mota, waɗansu a jirgin ruwa ta kogin Kwara. Abdulƙadir Haidara, mai ɗakin littattafan Mamma Haidara, shi ne ya yi suna wajen jagorancin aikin, kuma bisa ga lissafin ƙungiyarsa abin da aka fitar ya kai wajen kundi 350,000. Tsoron nasu kuwa ba na banza ba ne, don a Janairu na 2013, sa'ad da mayaƙan za su gudu, an ƙone ko an kwashe fiye da 4,000 daga cikin na Cibiyar Ahmad Baba, wadda ke hannun Gwamnati. Shi Ahmad Baba ɗin, wanda ya rasu a 1627, ba baƙo ba ne ga malaman ƙasar Hausa, kakansa ma ya sauka Kano ya karantar.

An tsira daga wuta, amma kamar an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago. Tambutu tana bakin hamada, ruwan da take samu a shekara bai cika kai milimita 200 ba. Bamako kuwa, da ke kimanin kilomita 700 kudu maso yamma in an miƙe, tana samun wajen milimita 1,000. Littafin da ya shekara ɗari uku ko huɗu cikin busasshiyar iska, ga shi yanzu an danne shi da 'yan'uwansa cikin ƙarfe, a ɗakin siminti, damina tana bisa kai. Ba a daɗe ba masu lura da su suka fara kuka da danshi da alamun fumfuna. A 2013 aka yi ta neman gudummawa daga ƙasashen waje don a sayi na'urorin tsotse laima, da ƙunshin wani sinadari mai shanye danshi, da kwalaye na musamman waɗanda ba su da tsamin da ke cin takarda, a yi wa kowane kundi nasa gida. Jamus ta taimaka, wani ɗakin littattafai na Amurka da ake kira Hill ya yi shekaru yana ɗaukar hotunan shafukan ɗaya bayan ɗaya. An yi aiki, ba a musu. Amma duk wannan ɗawainiya, yaƙi ne da iskar gari, wanda ba ya ƙarewa muddin akwai damina.

Abin Da Ke Cikin Iskar

Kowa ya san fumfuna. Ita ce ke fitowa fari-fari ko kore-kore a kan tuwon da ya kwana biyu, ko a kan takalmin fata da aka manta ƙarƙashin gado da marka. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ba daga cikin tuwon take tsirowa haka kawai ba. Halitta ce mai rai, kuma tana da iri kamar yadda gero ke da iri, sai dai nata ƙanƙane ne ƙwarai. In aka raba milimita ɗaya kashi 1,000, yawancin ƙwayoyin irin nan ba su wuce kashi 2 zuwa 10 ba. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Saboda rashin nauyi sukan daɗe suna yawo cikin iska, su shigo ta taga, ta ƙofa, a jikin riga, a cikin ƙura. Kowannenmu yana shaƙar ɗaruruwansu kullum bai sani ba. Waɗanda aka fi samu a ɗakunan littattafai su ne dangin Asfajilus, da Kiladosforiyum, da Fenisiliyum, wadda daga danginta ne aka samo allurar fenisilin. Ka ji ikon Allah, gida ɗaya ya fitar da magani ya fitar da ɓarna.

Ƙwayar iri in ta sauka a kan littafi ba ta yin kome, tana iya kwanciya shekaru. Abinci dai ga shi ta samu, don kusan duk abin da aka yi littafi da shi cimarta ne: takardar kanta, da kullun da aka liƙa bango da shi, da fatar gafaka, da ƙaron da ke cikin tawada, har da maiƙon yatsun mai karatu. Tsofaffin takardun da malamanmu suka yi rubutu a kai, irin masu alamar wata uku da aka riƙa kawowa daga Italiya ta hamada, da tsumma aka yi su aka shafe da danƙon da ake dafawa daga fata da ƙashi, wanda fumfuna ke so ainun. Abu ɗaya kurum take jira, shi ne ruwa. Ba lalle sai ruwan sama ya zuba a kan littafin ba. Takarda tana shan laima daga iska kamar yadda gishiri ke sha.

Masana suna auna laimar iska da kashi cikin 100 na iyakar ruwan da iskar za ta iya ɗauka. In laimar ɗaki tana ƙasa da kashi 60, yawancin fumfuna ba ta motsi. In ta haye 65 zuwa 70 ta zauna a nan kwana da kwanaki, iri ya fara farkawa. In ta kai 90, 'yan kwanaki sun isa. Littafin da ya jiƙe sharkaf kuwa, a ɗaki mai ɗumi, cikin kwana 2 zuwa 3 za a ga ta fito. Sa'an nan sai ta miƙa waɗansu siraran zaruruwa cikin jikin takardar, tana fitar da wani ruwa mai narkar da ita tana sha. Takardar ta yi laushi, ta yi tabo baƙi ko ja ko shunayya, shafuka su manne da juna, a ƙarshe ka ɗaga ta marmashe. Tabon nan galibi ba ya fita. Daga nan kuma ta yi nata irin dubbai, ta sake shi cikin iskar ɗakin. Warin nan da mutum kan ji in ya shiga tsohon ɗakin littattafai, wanda waɗansu ke cewa ƙanshin ilmi ne, sau da yawa shaida ce cewa fumfuna tana cin abinci.

Huhun Mai Tsaron Littafi

A nan ne muke ganin ba a yi wa maganar adalci ba. In ana zancen Tambutu, ko wani laburare da ruwa ya ci, littattafai ake ƙirgawa. Ba safai ake tambayar lafiyar mutumin da ke wuni a ɗakin yana buɗe su yana kaɗe su ba, alhali kuwa duk shafin da ya buɗe, fuskarsa ce ta fi kusa da abin da ya tashi.

A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin jagora a kan danshi da fumfuna cikin gine-gine. Abin da ta tabbatar shi ne, masu zama ko aiki a gini mai danshi sun fi yawan tari, da shessheƙa, da toshewar hanci, kuma mai asma ciwonsa yakan tsananta. Akwai kuma ƙaiƙayin ido da na fata. Wani abin lura, ko fumfunar ta mutu, ƙurarta ba ta daina tayar wa mutum da waɗannan ba.

Mai cikakkiyar lafiya jikinsa yakan kashe irin da ya shaƙa. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwai wata daga dangin Asfajilus wadda a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin rukunin farko na fumfuna masu haɗari ga ɗan Adam. Ƙwayarta ƙanƙanuwa ce har tana kai wa can ƙarshen huhu. Wanda ya taɓa yin tarin fuka, ko da ya warke, sau da yawa cutar takan bar masa kogo a huhu, to, a cikin kogon nan fumfunar kan zauna ta yi gida. Mutum ya yi ta tari, yana rama, wani lokaci har da jini, a zaci tsohon ciwon ne ya dawo, a sake ɗora shi kan maganin da ba zai yi masa kome ba. Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu tarin fuka a duniya. Haka kuma masu cutar ƙanjamau, da masu shan maganin daji, da duk wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni. Saboda haka tambayar wa za a sa ya share ɗakin da fumfuna ta kama ba ƙaramar tambaya ba ce, ko da yake bisa al'ada mafi ƙanƙanta a ofis shi ake miƙa wa tsintsiya.

Masu bincike sukan auna iskar laburare. Sukan zuƙi iska da na'ura ta bi ta kan faranti mai abincin fumfuna, a ajiye kwanaki, a ƙirga abin da ya tsiro, a ce ga adadi kaza a kowace mita ɗaya ta faɗi da tsawo da zurfi. Aikin yana da amfani, musamman in an gwada na ciki da na waje, don in na ciki ya fi yawa, ko aka ga wani iri a ciki wanda babu shi a waje, to, ɓarawon yana cikin gida. Amma ita Hukumar Lafiya ta ƙi yanke wani adadi ta ce ƙasa da wannan lafiya lau. Cewa ta yi a hana danshi, in ya samu a gyara. Mu ma nan muka tsaya. Ba mai iya tace iskar duniya ya raba ta da irin fumfuna. Abin da ke hannun mutum shi ne ruwan.

Magungunan Da Ke Ƙara Ciwo

Da yawa daga cikin manya, in aka ce musu littattafai suna lalacewa, abu biyu ke zo musu: a sa na'urar sanyaya ɗaki, a kuma yi feshi. Dukansu biyu suna bukatar a yi hattara.

Na'urar sanyaya ɗaki tana rage laima in tana aiki dare da rana kuma girmanta ya dace da ɗakin. Amma a dubi yadda abin yake a inda wuta ba ta tsayawa. An gina ɗaki ba taga, ko an liƙe tagogin don sanyi kada ya fita. An kunna na'ura da safe, an kashe da yamma in ma'aikata sun tashi, ko wuta ta ɗauke, ko man janareto ya ƙare. Bango da kantoci da littattafai sun yi sanyi, sai iskar damina mai ɗumi ta sulalo ta sauka a kansu, ta zama raɓa, kamar yadda kwalbar ruwan sanyi ke yin gumi. Ga ruwa, ga duhu, ga iska ba ta motsi. In da gangan aka so a noma fumfuna, ba za a shirya mata gona fiye da haka ba. Tsohon ginin ƙasa mai kaurin bango, wanda zafinsa da laimarsa ba su hawa da sauka farat ɗaya, ya fi irin wannan ɗaki aminci nesa ba kusa ba.

Kada kuma a zaci Turawa sun gama da ita. A Italiya an sami wata farar fumfuna tana bin bangon littattafai a ɗakunan ajiya masu kantocin ƙarfe da ake turawa su haɗe da juna don tsimin wuri, alhali ma'aunin da ke bango yana nuna kome daidai. Irin wannan ba ta bukatar ruwa mai yawa, abin da ta samu a tsakanin kantocin shi ne iska mai kwanciya da ƙura. A Danmak ma an ga danginta a gidajen tarihi da dama cikin 'yan shekarun nan. Ashe ma'auni ɗaya a bakin ƙofa ba ya ba da labarin ƙurya.

Feshi kuwa, a dā an yi ta turara littattafai da magunguna masu ƙarfi, waɗanda daga baya aka tabbatar waɗansunsu suna jawo ciwon daji. Masu gyaran littattafai na yanzu sun ja baya daga wannan. Ban da haɗarinsa ga mutane, in ka kashe ta yau ka bar danshin, gobe sabon iri zai shigo ta taga. Abin da suke yi shi ne a ware littafin da ya kamu, a busar da shi, a zuƙe ƙurar da injin mai matata ta musamman wadda ba ta barin ƙwayar ta fita ta baya, mai aikin yana sanye da safar hannu da takunkumi irin wanda ake kira N95. Kaɗewa da tsumma cikin ɗaki shuka ce kawai.

Yawancin wannan ilmi da tsada aka saye shi. Ran 4 ga Nuwamba 1966 kogin Arno ya cika ya shiga birnin Fulorens na Italiya, ruwa da taɓo suka taɓa littattafai da takardu wajen 1,300,000 a babban laburaren ƙasa da ke can. Da ruwa ya janye, tsere aka shiga yi da fumfuna, har aka riƙa kai littattafai rumbunan busar da taba da wuraren gasa bulo. Daga baya aka gane hanya mafi kyau ita ce a daskarar da jiƙaƙƙen littafi cikin ƙanƙara nan da nan, a tsai da fumfunar, a yi ta busarwa sannu a hankali. Dabara ce mai kyau ga wanda ke da wutar da ba ta ɗaukewa.

Namu Gemun

An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, ko da yake a wannan magana ruwan shi ne wutar. Muna da namu kundaye a Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da gidan tarihi na Jos, da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, ga kuma na Yamai. Ruwan da Kaduna ke samu a shekara bai kasa na Bamako ba. Shekararmu kuma rabi biyu ce: da hunturu laima takan faɗi ƙasa da kashi 20 har takarda ta bushe ta yi ƙarau, ƙura ta lulluɓe kome, da marka ta haye 70 ko 80, ƙurar nan da ta kwanta ta zama abincin fumfuna. Ga kuma ambaliya, wadda kowa ya ga abin da ta yi wa Maiduguri a Satumba na 2024 da madatsar Alau ta ɓalle.

Ɗaukar hoton shafuka a zuba a kwamfuta abu ne mai kyau, kuma shi ne masu ba da taimako suka fi so, don ana iya nuna shi. Amma hoto ba ya riƙe alamar da ke cikin jikin takarda, wadda da ita ake gane zamanin littafi, kuma aiki ne na shekaru, damina kuwa kowace shekara take zuwa. A ganinmu, kafin a yi kasafin sabon gini ko sabuwar na'ura, a fara da abin da ba ya jawo biki: a gyara rufin da ke yoyo da indararon da ke zuba a gindin bango, a sa ma'aunin laima a kowace ƙurya, a ba mutum ɗaya aikin rubuta abin da ya nuna safe da yamma, a bar fanka tana juya iska, a janye kantoci daga jikin bango. Ma'aunin nan kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ta motar ofis ba. A kuma riƙa duba ƙirjin ma'aikatan ɗakin a asibiti, a ba su takunkumi na gaske.

Su mutanen Tambutu sun sami hamada ta karɓe musu rabin aikin, ko da yake can ma akwai gara, da ƙura, da bushewar da ke karya takarda, ga kuma bindiga ba ta yi nisa ba. Mu da ba mu da inda za mu kai namu, sai mu zauna da daminarmu. Mafi yawan littattafanmu ma ba a hannun hukuma suke ba, suna gidajen malamai da alƙalai da limamai, an gaje su kaka da kakanni, galibi a adaka, a ƙasa, a jingine da bango. Masu irin wannan gado su ɗora adakar a kan katako ko benci, su janye ta daga bango, kada su ƙunshe littafi cikin leda don leda tana tsare danshi. In ruwa ya ɗauke, kaka ta shigo, a fito da su a buɗe a inuwa su sha iska, ba a tsakar rana ba, don rana tana ƙona takarda ta koɗar da tawada. In an ga fari ko kore a jikin gafaka, a ware wannan daga sauran, a share shi a waje da tattausan burushi, iska tana kaɗawa daga bayan mai aikin, hanci da baki a rufe. Mai asma da wanda ya taɓa yin tarin fuka kuwa, kada a sa su wannan aiki, ko da ɗayansu ne babban magaji.